Dalma a Rafin Gwiwa

Agwagi ne suka fara mutuwa a Tungan Ɗanfari, amma wa zai tara jama'a a kan agwagwa? Aka kwashe su aka zubar a juji, aka ce ciwon kaji ne. Sai da abin ya hau kan yara sannan gari ya farka. Cikin kwana arba'in aka binne uku, babu wanda ya kai shekara biyar a cikinsu, kuma duk hanya ɗaya suka bi: ciwon ciki, amai, sannan jijjiga har ido ya kafe. Wasu shida suna kwance a ɗakin shan magani na bakin titi. Ranar da aka binne ta ukun, wato Yasira jikar Dudu mai suyar kifi, mutane ba su gama watsewa daga maƙabarta ba sai ga samari sun sauko daga saman rafi da tankin feshin maganin ciyawa, suka jefar da shi a ƙofar maigari. A bakin ruwa suka same shi, ƙasan gonar Ishaya.

Shi ke nan an sami mai laifi. Ishaya Bakambare ne, Kirista, gidansa shi kaɗai ne a saman Rafin Gwiwa, kuma duk ruwan da Tunga ke sha ta ƙofarsa yake wucewa kafin ya gangara ya faɗa tafkin Kainji. Shekara talatin yana wurin ba a taɓa jin kansa da kowa ba, sai dai mai neman inda zai sauke fushi ba ya tsayawa duba wannan. Kafin la'asar an ƙone masa rumbu. Maigari Muhammadu, wanda tsoron samari ya fi masa tsoron Allah, ya yanke hukunci cewa Ishaya ya kwashe iyalinsa ya bar ƙasar nan da Juma'a. Ranar kuwa Talata ce.

Don a ce an yi bincike, sai ya aika a kira Magaji mai bin sawu. Magaji ya haura sittin, ga shi siriri, ga gajen haƙuri. Daga Shanga har Ngaski, duk wanda aka kore wa shanu ƙofarsa yake zuwa. Ƙanin Dudu ne, saboda haka yarinyar da aka binne da safe tasa ce, ƙasar kabarinta ma ba ta gama fita daga farcensa ba.

"Aikin ba shi da yawa, Magaji," in ji maigari. "Ka tahi bakin rahi ka ga sawun Ishaya, ka dawo ka hwaɗa gaban mutane."

"Ranka ya daɗe, in ka riga ka san sawun da za ni gani, mi za ni yi can?"

Maigari ya juya ya dubi Alhaji Abdulrahman da ke zaune a damansa. Alhaji shi ne babban dillalin kifi na Tunga, mai murhun banda goma sha biyu da motar da ke kai kaya kasuwar Yelwa. Mako biyu da suka wuce ya kafa baƙin tanki a ƙofar masallaci, yana sa a cika shi da ruwan burtsatse sadaka, tun daga ranar ake sa masa albarka safe da yamma.

"A bar shi ya yi aikinai," Alhaji ya ce a hankali. "Amma Juma'a Juma'a ta. Ba mu zama da mai kashe muna ɗiya."

* * *

Magaji bai nufi rafi ba, ɗakin shan magani ya fara zuwa. Andrew, malamin asibitin, mutumin Zuru ne, kwana uku bai ga gadonsa ba. Ya ja Magaji gefe, nesa da iyayen yaran, ya zaro takarda daga aljihu.

"Baba, jinin yara huɗu na aika birni. Jiya sakamako ya zo. Dalma ce."

"Maganin ciyawa na da dalma?"

"Ko ɗigo babu. Daga dutse take fitowa, irin dutsen da ake samun zinari a ciki. In aka niƙa shi aka wanke a ruwa, zinarin ya tsaya, dalmar ta bi ruwa. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ko an dafa ruwan tana nan. Babba zai iya yin shekaru yana fama da ciwon kai da na ƙoda bai san dalili ba, mai ciki kuma ta yi ɓari. Yara su take kayarwa da wuri. Waɗanda suka tashi ma, wasu ba za su koma yadda suke ba."

"Ka hwaɗa ma maigari?"

"Na faɗa masa. Ya ce ba a haƙar zinari a ƙasarsa, ramukan suna can bayan tsauni, kada in kawo masa boko cikin maganar gari."

Magaji ya leƙa ta taga. Wata yarinya tana kwance a tabarma, idonta buɗe, uwarta na kiran sunanta ba ta ko juyowa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, har ya fita bai yi wa Andrew sallama ba.

* * *

Washegari da sassafe ya hau rafi. Allah ya taimake shi, damina ta ɗan yi tsaiko, kwana huɗu ba a yi ruwa ba, ƙasa na riƙe da duk abin da ya taka ta. A ƙasan gonar Ishaya ya ga inda samari suka tattake wuri kamar garken awaki, ya ga sawun Ishaya a gefe, sawun mutum mai jan ƙafar hagu. Mai sawun yana zaune a kan turmi kusa da tokar rumbunsa, matarsa da surukarsa suna ɗaure kaya a zannuwa.

"Tankin naka na?" Magaji ya tambaya bayan sun gaisa.

"Nawa na. Nan nika wanke shi, wada kowa ka wanke nai. In shi na laihin, to Tunga duk ta tashi tare da ni."

Magaji zai sake magana sai idonsa ya kai bayan ɗaki. Wani ɗan tudun ƙasa ne, tsawonsa bai fi kamu uku ba, an kafa masa itace biyu a gicciye.

"Wane na can?"

"Daniel, jikana. Shekara biyu da rabi." Ishaya bai ɗago ba. "Shi na hwarko. Kwana goma kahin na Tunga."

"Ba mu ji ba."

"Wa zai hawo ya ji?"

Magaji ya ji kunya, kunyar kuma ta ƙara masa fushi. Gari guda ya tashi a kan mutum, babu ko ɗaya da ya zagaya bayan ɗakinsa. Amma ya fahimci wani abu: in gidan nan ne gubar ta fara bugawa, to daga sama da gidan take zuwa.

"Mi ad da akwai sama da gonarka?"

"Kurmi. Ba mai shiga. Tun ruwan hwarko anka ce 'yan bindiga sun yada zango ciki. Ni kaina in iska ta juyo ina jin ƙugi awa na babura."

"Wa yac ce 'yan bindiga na?"

Ishaya ya yi ɗan tunani. "Masu itacen banda. Su sunka tsaya nan sunka gargaɗe ni."

* * *

A shekarun nan, in kana so ka hana mutanen ƙasar Yauri shiga daji ba sai ka yi shinge ba, kalma biyu ta isa. Magaji ya san haka, kuma shi ma gabansa na faɗuwa sa'ad da ya kutsa kurmin. Ya yi tafiya mai ɗan nisa yana duba gaɓa, bai ga tayar babur ko ɗaya ba. Abin da ya gani sawun jakuna ne, sun sauko daga wajen tsauni ta wata siririyar hanya, sun nufi ruwa.

Ya tsuguna ya daɗe yana dubawa. Jakin da ya zo ɗiban ruwa wayam yake sauka, sawunsa a sama-sama, sai a komowa kofato ke nutsewa saboda nauyi. Waɗannan kuwa akasin haka suka yi. A saukowa kofatonsu ya nutse har ya tura laka gefe, a hawa kuma da ƙyar suka taɓa ƙasa. Wani abu mai nauyi ake kawo wa rafin, a bar shi a nan. A cikin jakunan uku akwai ɗaya mai tsagaggen kofato a ƙafar gaba ta dama.

Sawun ya kai shi wata kwana inda itatuwa suka rufe sama. Ga injin niƙa an lulluɓe shi da tamfol. Ga katakai uku an jingina su a gangare, an shimfiɗa musu tsummokaran darduma, bakinsu cikin ruwa. Ga laka mai ruwan toka tsibi-tsibi a gaɓa, tana zagwanyewa tana bin rafi a hankali. A gindin wata bishiya ya tsinci 'yar kwalba da sauran zaiba a ciki, ruwan nan mai nauyi da masu zinari ke kama ƙwayarsa da shi. Tokar murhunsu ta yi sanyi, alamar sun ji hayaniyar gari sun gudu. Sawun mutane duk na baƙi ne, takalman roba iri ɗaya, babu wanda ya sani a ciki.

Ya ɗebi lakar a leda, ya sa kwalbar a aljihu. Ruwan da ke wucewa ta gabansa garai-garai yake, har ana ganin tsakuwar ƙasa, irin wanda mai ƙishi zai durƙusa ya sha ya gode wa Allah.

* * *

Jaki mai tsagaggen kofato ɗaya ne a Tunga, kuma Magaji ya san mai shi. Shamsuddeen masunci ne, shi ya jagoranci samarin da suka ƙone rumbu, kuma shekara biyu da suka wuce an taɓa kama shi ya zuba maganin kashe kifi a wani gurbi. Magaji ya sauko yana ganin ya gama aiki. Ya same shi a bakin tafki yana ɗinkin koma, ragarsa ta kamun kifi.

"Ina jakinka?"

"Baba, kai da anka aika neman sawun Bakambare, mi ya haɗa ka da jakina?"

"Sawunai nag gani inda aka wanke dutsen zinari cikin ruwan da kuka sha. Kai kaɗ ɗauko tankin Ishaya don a daina duban sama?"

Allurar ta faɗi daga hannun Shamsuddeen. "Baba, ɗiyata Amina na kwance wurin Andrew, kwana shidda ba ta san ni ba. Ni za ni ba ta guba? Jakin ba shi hannuna. Tun ruwan hwarko Alhaji Abdulrahman ya karɓe shi, yac ce masu yi mai itacen banda za su yi aiki da shi."

Magaji ya tuna yarinyar da ya gani ta taga. Ya dubi fuskar mutumin, ya san ba ƙarya yake yi ba. Shamsuddeen kuwa maganar ta gama shigarsa, ya miƙe ya rarumi filafilin tuƙa jirginsa zai nufi gari. Magaji ya sha gabansa.

"Zamna. Jiya ka ƙone rumbun wanda bai ji ba bai gani ba, yau kuma za ka hwasa kan wani? In kaj je yanzu, cewa zai yi ma'aikata sunka ci amanatai, su kuma sun tsere. Jaki ba shi ba da shaida. Ka riƙe bakinka har Juma'a."

Ya bar shi tsaye da filafilin a hannu. Shi kansa bai san abin da zai kai gaban maigari ba. Yana da laka, yana da kwalba, yana da kofaton jaki, amma Alhaji bai taɓa sa ƙafarsa a kurmin ba. Masu irin wannan aiki ba su taka laka, wasu suke takawa a madadinsu.

* * *

Ranar Alhamis ya shiga gidan Dudu, inda ake zaman makoki. Tana ganinsa ta kawar da kai.

"An ce kana yawo kana neman wanke Bakambare," ta ce. "Jikarka na cikin ƙasa."

"Yaya, wanda yas sa ta ciki nika nema."

"To ka yi ta nema." Ta share ido da gefen mayafi. Da yake baƙin ciki ba ya rasa inda zai fita, sai ta koma kan masu zuwa gaisuwa, wadda ta zo da wuri da wadda ta makara. "Su matan Alhaji sai jiya sunka ga damar zuwa. Hannuwa luɓus awa na jarirai. To mi zai hana? Mu muna rahi sahe da marece, su sun hi ƙarhin rahi. Jarka aka kawo musu cikin motar kihi."

"Tun da anka kahwa tanki?"

"Wane tanki? Tankin jiya-jiya? Tun ba a yi shuka ba rabona da ganin ƙahwarsu bakin ruwa."

Magaji ya miƙe bai ƙarasa gaisuwar ba, Dudu na bin bayansa da harara. Gidajen Tunga duk sun ba rafi baya ne, kowane gida da ƙofarsa ta baya da 'yar hanyar da mata ke bi su sauka ruwa. Ya bi bayan gidajen ɗaya bayan ɗaya, kansa a ƙasa. Da ya iso bayan gidan Alhaji sai ya tsaya, ya tsuguna, ya tsinki wani abu ya murza a yatsunsa. Ya daɗe a wurin. Bai gaya wa kowa ba, don ya san lauje ɗaya ya isa ya share abin da ya gani kafin gari ya waye.

* * *

Bayan sallar Juma'a aka taru a ƙofar maigari. Aka zaunar da Ishaya a ƙasa shi kaɗai a tsakiya. Shamsuddeen na tsaye cikin samari yana huci, Andrew ya raɓe a gefe da takardarsa, mata sun yi cincirindo a bayan danga. Alhaji na kan kujera, yana jan carbi.

Magaji ya zazzage lakar a gaban maigari, ya ajiye kwalbar a kanta. Ya faɗi abin da ya gani a kurmi, ya faɗi kabarin Daniel, wanda ya sa wasu suka sunkuyar da kai. Andrew ya karanta takardarsa, wannan karon ba wanda ya ce masa boko. Da aka zo kan jaki, Shamsuddeen ya faɗi wanda ya karɓe shi. Ido duk ya koma kan kujera.

Alhaji bai ko girgiza ba. "Innalillahi. Ashe abin da yaran nan ka yi da jakunan ke nan? Ni itace nas sa su. Baƙi na, na ɗauke su don tausai. Wallahi da na san da wanga abu, ni za ni hwara kai su ga hukuma. Ku tambayi Magaji in ya ga sawuna can."

"Ban gani ba," in ji Magaji.

"To kun ji."

Mutane suka fara gyaɗa kai. Mutumin da ya kafa tanki, ai ba a yi masa wannan zato ba. Maigari har ya sauke ajiyar zuciya, don ya fi son laifi ya tafi da baƙin da suka gudu.

"Ranka ya daɗe, saura sawu guda," Magaji ya ce. "Ku biyo ni, ba nisa."

Ya kai su bayan gidaje, maza da mata, har da Alhaji wanda ba yadda zai yi ya ƙi. Ya nuna hanyar gidan liman, fes, ƙasa ta daddale. Ya nuna ta gidan Dudu, ta gidan Shamsuddeen, ta gidan maigari, duk ƙafa ta cinye su har sun yi kwari. Sannan ya tsaya a bayan gida mai rufin kwano sabo. Daga ƙofar baya har bakin ruwa tafasa ce ta rufe hanyar, ta kai gwiwa, ko karaya ɗaya babu a jikinta.

"Gidan mutum ashirin da wani abu na wanga," Magaji ya ce. "Mata, ku kuka tsinkar tahwasa. Wata nawa taka yi kahin ta yi hure ta zubar, ta hidda ɗiya haka?" Ya ɗaga wani reshe mai dogayen 'ya'ya.

"Ukku," wata ta amsa daga baya. "Ba ta kasa ukku."

"Wata ukku ba wanda yat taka nan. Agwagin Tunga wata biyu da hwara mutuwa. Daniel kwana hamsin. Tanki sati biyu. Alhaji, kai da ba ka san komi ba, mi yas sa ka hana gidanka ruwan rahi tun ruwan bai kashe ko agwagwa ba?"

Carbin ya tsaya. "Tsabta ta. Mutum ba shi da ikon kawo ma iyalinai ruwa mai kyau?"

"Shina da iko. Shekara nawa kana shan rahin ga ba ka ga dauɗatai ba, sai bana?"

Alhaji ya buɗe baki, amma murya ta riga shi daga cikin gidan. Halimatu ce, uwargidansa, tana tsaye a bayan danga ba a ganin fuskarta. Yaro na biyu da aka binne ɗan ƙanwarta ne.

"Cewa yay yi ko alwala kada mu yi da shi," ta ce. "Yac ce ya ga abin da irin ruwan ga ya yi ma yara can Zamfara, lokacin da shika aikin zinari. Yac ce in munka hwaɗa ma wani, a bakin aurenmu." Muryarta ta karye. "Ina gani ƙanwata na ɗura ma ɗanta, ban ce komi ba."

Dudu ta ratso maza ta tsaya gaban Alhaji. Ba ta ɗaga murya ba. "Ka zo ka yi min gaisuwa. Ka ɗaga hannu ka yi ma Yasira addu'a, ni ko ina cewa amin."

Samari suka yunƙura. Magaji ya tsaya tsakaninsu da Alhaji, ba don yana tausayinsa ba, shi ma da zai bi zuciyarsa da ya fara kai hannu. Ya ce wanda ya ƙone rumbun Ishaya ba shi da bakin yanke wa kowa hukunci a garin nan. Andrew ya riga ya buga waya ofishin 'yan sanda na Wara tun da safe bisa shawarar Magaji, kafin la'asar motar 'yan sanda ta iso ta tafi da Alhaji, hularsa a hannu. Cikin wannan hargitsi babu wanda ya lura da lokacin da Ishaya ya tashi ya kama hanyar gida.

* * *

Da hantsin Asabar maigari da liman da dattawa huɗu suka hau rafi, Magaji na gaba, Shamsuddeen na biye da damin dawa biyu a ka. A hanya Andrew, wanda ya rako su, yake gaya musu cewa ko an kwashe injin, lakar da ta kwanta a gindin rafin za ta yi shekaru tana sakin dalma, sai an zo an kwashe ta, kuma bai san ranar da za a zo ba. 

Ishaya ya shimfiɗa musu tabarma a inuwar mangwaro. Kayan nan suna nan a ɗaure a ƙofar ɗaki, ba a kwance ko ɗaya ba. Maigari ya yi gyaran murya ya fara jawabin da ya kwana yana shiryawa: an yi kuskure, sharrin Shaiɗan ne, rumbu za a gina sabo, Ishaya ya zauna a gidansa ba mai tashinsa har abada.

Yana cikin magana matar Ishaya ta fito da ƙwarya a hannu biyu. Ta durƙusa ta miƙa wa maigari, yadda ake yi wa kowane baƙo a ƙasar nan kafin a ji abin da ya kawo shi. Maigari ya karɓa don ba a ƙin ruwan maraba, ya dubi cikin ƙwaryar, maganarsa ta tsaya.

"Na rahi na," Ishaya ya ce. "Ba mu da wani. Shi munka sha da sahe."

Maigari ya miƙa wa liman. Liman ya riƙe, leɓensa na motsi, ya miƙa wa na kusa da shi. Haka ƙwaryar ta zagaya tabarmar hannu zuwa hannu, dattawa shida masu furfura, babu wanda ya kai ta baki. Ta iso wurin Magaji. Ya so ya sha ko kurɓi ɗaya ne don ya fitar da garinsa kunya, ya ɗaga ta har ruwan ya kusa taɓa leɓensa, sai ya ga ba zai iya ba. Ya mayar wa matar da ita a cike kamar yadda ta kawo ta.

Ishaya ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ce in zamna," ya ce. "To na ji. Na gode."

Ya tashi ya ɗora wa matarsa ƙunshi na farko a ka, ya ɗauki na biyu.